Zaɓen Lagireto Ga Tsohuwar Mota A Kan Hanyar Jibiya

Daga birnin Katsina zuwa Maraɗi tafiya ce wadda ba ta kai kilomita 100 ba, amma direbobin haya sun daɗe suna lissafa ta cikin hanyoyin da ke gwada lafiyar mota. Ba tudu gare ta ba, ba kuma duwatsu. Abin da ke wahal da inji a wannan hanya shi ne zafin rana, da nauyin kaya, da yawan tsayawa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan zarce digiri 40, motoci kuwa, musamman ranar Lahadi da kasuwar Jibiya ke ci, sukan ɗauki fiye da abin da aka ƙera su dominsa. Ga shingayen jami'an tsaro, ga kuma jerin gwano a Magama, inda ake binciken takardu da kaya kafin a ƙetara zuwa Ɗan Isa. Motar da ke tsaye injinta na aiki ba ta samun iskar da gudu ke kawowa, saboda haka a irin waɗannan wurare ne allurar zafi kan fara hawa.

A da, in mota ta ɗau zafi a hanya, iyakar abin ɓata lokaci ne da neman ruwa a ƙauye mafi kusa. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankunan Jibiya da Batsari da Safana a shekarun baya-bayan nan, lalacewar mota da almuru ta zama abin da babu direban da ke ɗaukarsa da wasa. Ga kuma hasarar dukiya, domin tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta ƙone gasket, ta lanƙwasa kan inji, har ta kai inji ya buga. Kuɗin gyaran wannan ya ninka na lagireto sau da yawa. Shi ya sa zaɓen lagireto, wanda mutane da dama ke bar wa bakanike ya yi musu a tsaye, ya cancanci a zauna a yi masa nazari.

Wannan muhawara ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. A Amurka akwai wasu motoci da aka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO, da Dodge Charger, da manyan samfuran Ford Mustang da Chevrolet Camaro, waɗanda aka ɗora wa injuna masu silinda takwas, wasunsu har lita 7. Tsadar mai ta 1973 da dokokin hana gurɓata iska su suka kawo ƙarshen zamaninsu, amma har yanzu masu sha'awa na adana su, kuma babbar gardamarsu ita ce ko a riƙe lagireton jan ƙarfe irin na asali, ko a sa na alminiyam. Irin waɗannan motoci ba su yi saiwa a Arewa ba. Motar da ta yi zamani a nan, wadda masu ita ke fama da tambaya iri ɗaya, ita ce Peugeot, watau Fijo a bakin jama'a.

An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, rancen mota kuma ya zama burin kowane sabon jami'i. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikatanta. Faransa ta daina yin ƙirar salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006. Ke nan mafi ƙuruciya cikin waɗanda suka rage ta tasam ma shekara ashirin. Yau Golf da J5 da ire-irensu sun karɓe yawancin aikin haya, duk da haka ana ganin sauran a-kori-kura da wagon suna jigilar hatsi da dabbobi a kasuwannin ƙauye, kuma akwai tsofaffin ma'aikata da suka ƙi rabuwa da salun ɗinsu.

Aikin lagireto

Cikin ƙarfin da fetur ke bayarwa in ya ƙone, kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai, ko ƙasa da haka, ke juya ƙafafun mota. Wani kason ya bi salansa ya fita, sauran kusan kashi ɗaya bisa uku kuwa ruwa ne ke kwashe shi daga jikin inji ya kai lagireto. A can ruwan yakan ratsa ta cikin siraran bututu masu faɗi, waɗanda aka manna wa ganyayen ƙarfe kamar saƙar zuma, iska ta bi tsakaninsu ta tafi da zafin. Wannan tsakiya ita ce saƙa, tana tsakanin tankuna biyu, na sama da na ƙasa a tsofaffin motoci, na dama da na hagu a yawancin na baya-baya.

Akwai wani ɗan lissafi da ɗalibin kimiyya zai gane nan take. Yawan zafin da lagireto ke zubarwa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. In ruwa na kan digiri 90, iska kuma na kan 20 kamar ranar bazara a Faransa, tazarar 70 ce. In iskar ta kai 42 kamar ta Magama a watan Afrilu, tazarar ta koma 48. Watau lagireto ɗaya, lafiyayye, ya rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa saboda yanayi kurum. To, a ƙara masa tsatsar shekara talatin a ciki da ƙurar hunturu a waje, sai a ga dalilin da motar da ta taho lafiya lau da asuba ke tafasa da azahar.

Kafin a sayi kome, ya kamata a tabbata laifin na lagireto ne. Kanikawan da suka san aikinsu sukan tambayi lokacin da allurar ke hawa. In tana hawa ne a wurin tsayawa, ta sauka da an kama gudu, to iska ce ta yi ƙaranci: fambel ya saki, ko fanka ta raunana, ko an cire garkuwar da ke kewaye da fankar an yar. In kuwa sai an kama gudu da kaya take hawa, a nan ne za a zargi toshewar bututu ko famfon ruwa da haƙoransa suka cinye. In ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kuma kumfa na tasowa daga bakin lagireto, gasket ne ya ƙone, sabon lagireto ba zai yi maganin kome ba. Mutane da yawa sun biya kuɗin lagireto alhali fambel ne ya kamata su saya.

Jan ƙarfe ko alminiyam

Masu goyon bayan tsohon yayi sukan ce jan ƙarfe ya fi kowane ƙarfen mota saurin ɗaukar zafi, kuma gaskiyarsu ne: in alminiyam ya wuce da mudu 10 na zafi, jan ƙarfe tsantsa zai wuce da kusan 17. Sai dai ganyayen ne kaɗai jan ƙarfe. Bututun da tankunan na tagulla ne, watau haɗin jan ƙarfe da tutiya, wadda ba ta kai alminiyam ba, sa'an nan abin da ya manna ganye da bututu haɗin dalma da kuza ne, wanda ya fi su duka nawa wajen wucewa da zafi. Bugu da ƙari, bututun tagulla ba ya wuce faɗin milimita 13 ko kusa da haka, alhali na alminiyam yakan kai 25, saboda haka layi biyu na alminiyam mai kyau na iya yin aikin layi uku ko huɗu na tagulla, ga shi kuma ya fi sauƙin nauyi. Wannan ita ce hujjar da ta rinjayi yawancin masu tsofaffin motoci a Amurka.

Amma hujjar da ta ci a Amurka ba lalle ta ci a Jibiya ba. Lagireton tagulla in ya huje, duk mai gyaran da ke da wuta da dalma zai like shi cikin sa'a guda, a Katsina ne ko a Ɗan Isa. Ana iya kwance tankinsa, a zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu a fitar da datti, a mayar a like. In saƙar ta ruɓe gaba ɗaya ana iya canza ta a bar tankunan asali, waɗanda ƙafafunsu da bakunansu suka dace da motar tun daga masana'anta. Na alminiyam zalla kuwa sai da waldar agon, wadda ba kowane gari ake samun gwaninta ba. Akwai kuma kashi na uku, wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu, mai saƙar alminiyam da tankunan roba da aka matse da haƙoran ƙarfe, irin wanda ke cikin Golf da yawancin motocin zamani. Yana aiki sosai muddin yana sabo, amma roba takan gaji da zafi ta tsage, galibi a wuyan da tiyo ke shiga, kuma likin gam da ake yi mata na kai-ni-gida ne kawai.

Saboda haka ga Fijon da ke shiga ƙauyuka, matuƙar tankunanta na da sauran ƙwari, wanke na asali ko canza masa saƙa ya fi sayen sabo mai araha. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga ma'aikacin da motarsa ta zo da na roba kuwa, abin da ya fi shi ne sabo irin nata sak, ba wanda aka ciro daga wata mota aka yi wa dabara ba.

A nan ne batun dabul sel ke shigowa. Kusan duk wanda ya sayi mota ta hannu daga Turai ko Amurka an taɓa ba shi shawara ya cire lagireto mai layi ɗaya ya sa mai layi biyu, wai don nasu na ƙasar sanyi ne. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya ga motar da ke jan kaya fiye da kima, amma ba doka ba ce. Iska tana ɗumama yayin da take ratsa saƙa, don haka layin baya ba ya aikin da na gaba ke yi, kuma saƙa mai kauri ta fi wuyar ratsawa. Motar da ke gudu a buɗaɗɗen titi za ta amfana. Wadda ke jan ƙafa daga shinge zuwa shinge da tsohuwar fanka tana iya ƙara ɗaukar zafi. Haka nan ganyaye masu matsatsi, ko da yake sun fi sanyaya ruwa a ɗakin gwaji, su suka fi saurin cikewa da ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari. Duk wanda ya dubi lagireton tarakta zai ga ganyayensa a wawware suke, kuma da gangan aka yi su haka.

Kasuwa da iyaka

Inda za a samo kayan ma wani babi ne, kuma a Jibiya tarihin kayan gyara ya bi tarihin iyaka. An rufe iyakokin ƙasa daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986. Shekaru masu yawa bayan haka Maraɗi ta zama zango na motocin hannu da kayansu da ake saukewa a Kwatano da Lome, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. An sake rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo wata rufewar, wadda aka ɗage a Maris na 2024. A wannan tsakani an datse gadar da ta haɗa Nijar da Benin a Gaya, kaya suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso, naira kuma ta faɗi a gaban sefa bayan an sake ta a Yunin 2023. Sakamakon duk wannan shi ne arahar da aka san Maraɗi da ita ta ragu ƙwarai, masu neman kayan gyara suka ƙara karkata ga Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da dillalan da ke ɗauko kaya daga Ladipo a Legas ko Nnewi.

Lagireton hannu, wanda ake kira Beljiyam, yana iya fin sabo na jabu inganci, amma sai an duba shi da idon basira. A goga babban yatsa a kan ganyayen ƙasa. In suna marmashewa, saƙar ta mutu ko da ba ta yoyo. Koren tabo a jikin na tagulla, ko farin gari a jikin na alminiyam, alamar tsohon yoyo ne. Sabon baƙin fenti mai kauri yakan ɓoye likin gam, kuma shi kansa fentin yana tare zafi. A leƙa ciki. In an ga maiƙo mai kama da kindirmo, daga injin da gasket ɗinsa ya ƙone aka ciro shi. Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, a toshe bakin ƙasa da tafin hannu, a cika shi da ruwa, a saki: lafiyayye zai amayar da ruwan gaba ɗaya da ƙarfi, toshasshe kuwa sai ya yi ta tsiyaya. Na biyu, a toshe bakunan, a hura masa iska kaɗan da famfon keke, a nutsar da shi cikin ruwa a duba kumfa. Ɗan kasuwan da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Ko sabo ne ko na hannu, a je da tsohon a jera su. Tsawo da faɗi, da gefen da bakunan tiyo suke, da kaurinsu, da wurin ƙusoshi, duk tilas su yi daidai, kuma a bar tazara tsakanin saƙa da fanka, domin inji yakan motsa a kan kujerunsa in mota ta faɗa rami, fanka ta yanki saƙa. Lagireton da aka ɗaure da waya ko aka yi wa walda a jikin mota ba tare da robobin da ke shanye girgiza ba, ba ya daɗewa a hanyar burji. Motar da giyarta ke canza kanta kuma tana da wani ƙaramin bututu cikin tanki mai sanyaya man giya. In ya huje ruwa ya gauraya da man, giyar ce za ta tafi.

Murfi da ruwa

Abu mafi araha a wannan sha'ani, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne murfi. Ruwa na tafasa a digiri 100 a bakin teku, a ƙasar Katsina ma ƙasa da haka kaɗan saboda tudu. Murfin lagireto yana da sifirin da ke riƙe matsi, kuma matsin bar 1 yakan ɗaga wurin tafasar zuwa kusan digiri 120. Motar da robar murfinta ta mutu, ko aka toshe bakinta da tsumma da leda, ta yi hasarar wannan rata duka. Amma kada a ce tun da haka ne a nemo murfi mafi ƙarfi. An ƙera tsofaffin motoci da matsi mai sauƙi, murfin zamani mai lamba 1.1 na iya fasa likin dalma ko tsohon tiyo. Lambar da masana'anta ta rubuta ita za a bi.

Sai al'adar cire tamostat, wadda ta zama ruwan dare a garejin ƙasar nan. Aikin wannan 'yar na'ura shi ne ta tsare ruwa cikin inji har ya kai zafin da ya dace, wajen digiri 80 ko sama kaɗan, sa'an nan ta buɗe. In an cire ta, inji yakan yini bai kai zafinsa ba a lokacin hunturu, ya ƙara shan mai, ya kuma ƙara saurin cinyewa. A wasu injuna ma ita ce ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin gida, in babu ita sai wani kason ruwan ya riƙa zagayawa bai je lagireto ba. Tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, ƙarin shan man nan ya zama abin da aljihun ma'aikaci ke ji kowane wata. In tamostat ta maƙale, canza ta ake yi.

Ruwan da ake zubawa shi ke yanke wa sabon lagireto kwanakinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauki gishiri da farar ƙasa, waɗanda ke daskarewa cikin bututu kamar yadda suke yi a gindin butar shayi. Na rafi da na madatsar ruwa kuwa laka ce da su. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, lagiretonsa tagulla, kuma duk inda ƙarafa mabambanta suka haɗu cikin ruwa ɗaya, ɗayansu zai riƙa cin ɗaya, alminiyam ne kuwa ke shan kashi. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, ko da yake an san shi da hana daskarewa a ƙasashen sanyi, amfaninsa a nan shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa, da ɗan ɗaga wurin tafasa. Ba a son ya wuce rabi, domin ruwa zalla ya fi shi kwasar zafi, kuma da tataccen ruwa ake sirka shi. Guba ne mai zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi. Ƙwai da garin barkono da sauran abubuwan da ake zubawa don tsai da yoyo suna iya kai mota gari, amma ba sa bambanta huji da bututu. Kuma kada a kuskura a buɗe murfi inji na tafasa, ko a kwarara masa ruwan sanyi nan take. Na farko yana saɓule fatar hannu da fuska, na biyu yana tsaga kan inji.

Wani abin da ke ƙara wa masu tsofaffin Fijo wahala shi ne darajar jan ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, waɗanda ke sayensa bisa sikeli. Lagireton asali da yawa da wanki kawai suke bukata sun tafi narkewa ta wannan hanya, wani lokaci ma mai motar bai sani ba, don ya bar tsohon a gareji ya tafi. Tun da Kakuri ta daina yin 504, tankunan da suka dace da ita sak raguwa suke yi kowace shekara. Wanda ya sa sabo, ya karɓi tsohonsa, ya wanke shi, ya toshe bakunansa ya ajiye a inuwa, domin ran da na roba ya tsage, a kan waɗannan tankuna ne mai gyara zai ɗora sabuwar saƙa.